Wuƙar Bahaguwa

Gidan Sori, Laraba, 6 ga watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga Yaya Abdulrahaman, a Gazawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ni ma lafiya lau nake, in ban da ciwon bayan nan da ka sani, wanda bai kashewa kuma bai bari. Ka gaida mani matarka Balkisu da yara. Sau uku ina kiran ka a salular Kadi maƙwabciyata, ba ka ɗauka ba. Ga shi kuma duk maganar da aka yi a salular Kadi, kafin la'asar ta kai bakin rijiya. Shi ya sa na ɗauki bik, wato biro, da takarda, karatun yaƙi da jahilci ya yi rana. Ɗantala direba zai miƙo maka.

Yaya, bana taba ta yi kyau. Ruwan gulbi ya daɗe kwance a garkar Baba, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Na girbe, na shanya a inuwa, ganye ya yi ja, ƙamshinsa har zaure. Tun da mijina Mumuni ya rasu na dawo gidan nan ban ga irin wannan ganye ba. To sai ga tsiya: wuƙar da nake lallaɓawa da ita ta karye daga gindin ƙota. Maƙerinmu kuwa ya tafi ci-rani Najeriya, sai damina.

Don Allah ka aiko mani wuƙar yankan taba ta Baba, wadda ka ɗauka ranar rabon gado. Kai ba ka yanka taba, ko warinta ba ka so. Aro nake nema, in na gama in maido maka.

In ba ta samuwa, ka je Gangara ranar kasuwa ka nemi Tahiru maƙeri. Ubansa ne ya ƙera ta Baba, ya san irin aikin. Kuma ka ji ni da kyau, don na san halin mutanen birni da son abu mai ƙyalli. Kada ka aiko mani almakashi, tauna ganye yake. Kada ka aiko mani wuƙar kanti, na gwada biyu a kasuwar Gidan Rumji, lanƙwasa suke kamar karan gero. Lauje na gona ne, aska kuwa ta wanzami ce. Ina son mai tsawon taki ɗaya da yatsa huɗu, mai kaurin baya, wadda nauyinta zai yi rabin aikin. Ƙota ta ƙirya. A wasa ta gefe guda, yadda in an naɗe ganye an ɗora a katako za ta sauka tsaye, yanka ya fito siriri kamar zare. Sauran kuwa, ka dai san hannuna, ba sai na faɗa ba.

Sajo Bafulatani, wanda ke kwashe tabata ya kai ruga-ruga, ya ce zai zo tsakiyar Sha'aban. Shekara huɗu bai sayi ta kowa ba sai tawa. In ya zo ban yanka ba, wasu zai nufa, kuma Sajo in ya juya baya ba ya waiwaye.

Ƙanwarka,
Zainaba

*

Gazawa, Asabar, 16 ga watan Azumin Tsofaffi

Zainaba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Balkisu ta amsa. Ciwon baya kuwa, wanda ya wuni a duƙe kan ganyen wari ai ba zai rasa shi ba.

Na karanta takardarki, na ga layi ashirin a kan wuƙa, ban ga layi ɗaya ba da kika tambayi yadda nake ji in aka nuna ni a kasuwa. Ni ne yanzu ke riƙe da makullin masallacin unguwarmu. Shekaranjiya a gaban jama'a wani ya ce, “Alhaji, ashe kai ne ɗan Bahago mai taba? Ƙanwarka na nan tana riƙe da sana'ar?” Aka kwashe da dariya. Na bar Gidan Sori shekara talatin, na je Makka na dawo, har yanzu warin gidanmu na bi na, kuma ke ce ke hura shi.

Wuƙar Baba ki cire ta a ranki. Bara na kai wa Tahiru ya buge ta ya maida ita wuƙar layya. Ta yi shekara hamsin tana yanka abin da ke ɓata bakin mutane, yanzu rago take yankawa da bisimilla. Ban yi nadama ba.

Amma don kada ki zagaya gari kina cewa ɗan uwanki ya hana ki, zan je Gangara in sa a ƙera maki sabuwa. Sai dai ki buɗe kunne. Garkar nan kashi biyu nawa ne, kashi ɗaya naki, tausayi ne ya sa na bar maki ita duka. Akwai wani mutumin Maradi da ke son ta, zai kafa injin ban ruwa ya shuka albasa, abin da ɗan Musulmi zai ci. In kin fid da tabarki bana kin ci da kanki, to, na ƙara maki shekara. In kin kasa, za a sayar, ki tattaro ki dawo nan. Akwai ɗaki kusa da turken awaki, Balkisu na bukatar mai taya ta daka. Ke ba ɗa ba, ba jika ba, wa kike tara wa?

Ki riƙa salla a kan lokaci.

Alhaji Abdulrahaman

*

Gidan Sori, Litinin, 3 ga Sha'aban

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida gida. Ina lafiya.

Maganar wuƙar Baba na ji ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ƙotar nan tana da gurbin yatsunsa. Na ji kuma maganar “ba ɗa ba, ba jika ba”. Uku na haifa na binne, kana cikin waɗanda suka ɗauki gatari zuwa kushewar na ƙarshe. Allah ya fi ka.

Saƙo ya iso jiya. Ƙira kam ta yi, ba ƙarya. Ƙarfe mai tauri, baya mai kauri, ƙota ta zauna a hannu. Har na fara sa maka albarka. Da na naɗe ganye ɗaya na ɗora a katako sai na ga abin da aka yi. Yaya, wuƙar nan ta mai dama ce! An wasa ta ta gefen da ba nawa ba. In na riƙe ta da hagu na danna, sai ta zame ta bar ganyen. In ina so ta ci, dole in karkata ta wajen yatsun da ke riƙe da naɗi. Wa ke yanka haka?

Haba, Yaya. Duk Gidan Sori har makaho ya san ni bahaguwa ce kamar Baba. Kai kuwa ka fi kowa sani, don kai ne ke zama kusa da ni da tsumagiya in an ajiye tuwo, in hagu ta nufi akushi ka zabga mata. Kai ka koya mani ci da dama. Yanka da rubutu ne kawai suka gagare ka.

Na ce ƙila Tahiru ne ya yi kuskure. Na zauna da dutsen washi tun hantsi har azahar ina so in juya bakin, ƙarfen ko gezau, sai dai dutsen ya ci. Wannan aikin wuta ne da uwar maƙera.

Ban maido ta ba tukuna, don in na sake ta ba ni da komai a hannu. Ka sa Tahiru ya ƙera ta hagu, wuni ɗaya ya ishe shi. In Ɗantala ya kawo, sai ya koma maka da wannan. Ka hanzarta don girman Allah, kwana goma sha biyu suka rage.

Zainaba

*

Gidan Sori, Alhamis, 13 ga Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa. Lafiya dai ko? Ɗantala ya zo sau biyu hannu rabbana. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu a ƙofar rumfarka, ka sa ta a aljihu ka ce ka ji.

Sajo ya aiko cewa jibi yana nan, kuma kwana uku zai yi, shanunsa ba su jira. Ka san busasshen ganye ba ya yankuwa, dagargajewa yake. Sai an yayyafa masa ruwa an rufe da buhu ya yi laushi. In kuwa ya yi laushi, ba ya jiran kowa, kwana huɗu biyar sai funfuna. Na yi ta jinkiri ina duban hanya. Yau da safe na yayyafa wa ganyen ruwa, duka.

In saƙonka na kan hanya, to madalla. In babu, da wannan zan yanka.

Zainaba

*

Gidan Rumji, Talata, 2 ga watan Azumi

Yaya Abdulrahaman,

Salamu alaikum. An sha ruwa lafiya? Ina fata iyali na nan ƙalau. Ni kam ba lafiya ba. Daga gidan likita nake rubuto maka, kwanana goma a kwance. Takardar a kan gwiwata take, Kadi na danne mani gefenta, shi ya sa ka ga layin ya karkace.

Wuni biyu na yi ina yanka da wuƙarka. A hankali, a hankali, kamar mai tafiya cikin ƙaya. Yankan bai yi sirin da na saba ba, amma ya yi. Rana ta uku da hantsi Sajo na zaune a tabarma gindin icen bedi yana shan shayi, ni kuwa ko rabi ban kai ba. Ya ce, “Inna Zainaba, bari gaggawa, ni jira har la'asar.” Na ce masa, “La'asar ta wace rana?” Na ƙara sauri. Na ci karo da jijiyar ganye mai kauri, na karkata wuƙa na danna da ƙarfina duka. Ta tsallake naɗin.

Ban ji zafi ba da farko. Ƙara na ji, ƙas, kamar an karya ƙirare. Na duba na ga ɗan ali da na tsakiya na hannun dama sun buɗe har ƙashi, jini na malala cikin tabar da na yanka. Sajo ya zabura yana salati, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure mani. Ya ce a tafi likita. Na ce a'a. Wautata ce wannan, ba zan ɗora wa kowa ba. Na tuna ɗakin kusa da turken awaki, na ce wallahi sai na gama. Na barbaɗa garin taba da kanwa yadda Baba ke yi, na naɗe da tsumma, na danne naɗi da gwiwar hannu na ci gaba.

Ban gama ba. Sajo ya ɗauki ɗan abin da jini bai taɓa ba, ya tsaya ya daɗe yana duba na, ya ce, “Allah sawwaƙe,” ya bi shanunsa. Kwana huɗu hannu ya kumbura har kafaɗa, ya fara wari, zazzaɓi ya kwantar da ni. Kadi da mijinta suka ɗora ni a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota. Likita ya kwance tsumman ya girgiza kai. Ya ce ko yatsu biyu ko hannu duka, in zaɓa. Na ba shi yatsun. Mutumin kirki ne, har haƙuri ya ba ni.

Kadi ta ce ta ɗaga buhunan da na bari. Ganyen ya yi fari fat da funfuna, ko akuya ba ta kusantarsa. Ta kwashe ta zuba a bola.

Ba roƙon komai nake ba. Na dai ce ka ji daga bakina kafin ka ji a kasuwa.

Zainaba

*

Gazawa, Juma'a, 12 ga watan Azumi

Zainaba,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sami takardarki. Sannu, Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai hidimar tafsiri da ta sha mani kai, ita ta hana ni zuwa duba ki.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a gadon likita sai a faɗe ta. Wa ya aike ki? Kin ga wuƙa ba ta yi maki ba, sai ki ajiye. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Tun yaushe nake gaya maki sana'ar nan ba albarka? Ga shi ta karɓi zakkarta da kanta.

Na ga kina so ki rataya mani laifi. Na sake duba takardarki ta farko, tana nan a aljihuna. Kin faɗi tsawo, kin faɗi kauri, kin faɗi icen ƙota, har kin koya mani bambancin lauje da aska kamar ba a gona aka haife ni ba. Ina inda kika rubuta hagu? “Ka san hannuna” kika ce. Ni na ɗauka ƙanƙantar hannunki kike nufi, na ce a rage ƙota. Mutum mai iyali goma sha ɗaya da rumfa da masallaci a kansa zai zauna yana tuna da wane hannu wata ke riƙe wuƙa? Na manta, shi ke nan. Takardunki biyu na baya kuwa, ban sami sukunin buɗe su ba sai da aikin gama ya gama.

Yanzu maganar da ta rage. Sharaɗi na gindaya maki, kin kuma gani da idonki. Na aika wa maigari, mutumin Maradi zai zo bayan Salla a auna garka. Kasonki za a ba ki, ba zan ci haƙƙin marainiya ba. Gidan Baba ma a rufe shi, ginin ya gaji. Ki zo nan. Daka kam yanzu ba za ki iya ba, na gaya wa Balkisu ta haƙura, sai ki riƙa kora kaji daga shanya. Wani da ya bar ki can ki ƙarata, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abu ɗaya: kada ki shigo mani gida da ko ƙwayar taba. Ki wanke tufafinki da toka kafin ki taso.

Alhaji Abdulrahaman

*

Gidan Sori, Lahadi, 5 ga watan Ƙaramar Salla

Abdulrahaman,

Salamu alaikum, don sallama haƙƙin kowane Musulmi ce. An yi Salla lafiya. Miki ya kame, an cire zare. Ka gaida Balkisu, ita ba ruwanta.

An auna garka shekaranjiya. Na tsaya a bakin gulbi ina kallo suna ja da igiya a kan kunyoyin da Baba ya tayar. Maigari ya ce in dangwala, na miƙa masa babban yatsa, shi kam an bar mani shi. Ka samu abin da kake so.

Da na karanta takardarka na yarda da kai, ka ji wautata. Na ce ƙila da gaske mantuwa ce, shekara talatin ba kwana talatin ba. Har na zargi kaina, na ce me ya hana ni rubuta kalma ɗaya. Kunya ce ta hana ni, kunyar da ka dasa mani da tsumagiya.

To Ɗantala bai iya haƙuri ba. Shi ya ɗauko wuƙar ya kawo mani, abin ya tsaya masa a rai. Ya karɓe ta ya kai Gangara, ya jefa ta gaban Tahiru a tsakiyar maƙera, ya ce, “Dubi aikinka, ka raba baiwar Allah da yatsunta.” Tahiru ya ɗauka ya juya ta, ya gane ƙirarsa. Ɗantala ya ce sai da mutumin nan ya zauna a ƙasa. Tahiru ya rantse da abin da zai kashe shi, a gaban mai zuga da mutum huɗu da ke jiran gyaran garma, cewa ranar da ka zo ya tambaye ka. Ya ce maka, “Alhaji, ta Zainaba ce? In wasa ta ta hagu, irin ta marigayi?” Ka ce masa, “A'a, ba tata ba ce. Ta wani abokina ce, ka yi ta dama.”

Ba ka manta ba, Abdulrahaman. An tuna maka, ka zaɓa.

Ban ce ka so in rasa yatsu ba. Na san ka, ba ka da wannan zuciyar, ƙaramin mugu ne kai. So ka yi in kasa, ganye ya ruɓe, in zo maka da kaina a ƙasa. Ka haƙa ramin daidai gwiwa, ka koma masallaci ka jira. Da na ce maka zan yanka da ita, kana da kwana biyu da salula a aljihu. Kira ɗaya ya isa.

Ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nawa ya ruɓe, an yanke, an yar, ina kallo, kuma ga ni da rai.

Ɗantala ya maido mani wuƙarka, ga ta nan cikin tsumman da na naɗe hannu, ban wanke ta ba. Ka kai a maida ita ta layya ita ma, ta riga ta saba.

Zan zo. Kada ka yi zaton zan ƙi, ba ni da garka, ba ni da gida, ina za ni? Ranar Alhamis motar Ɗantala za ta sauke ni a ƙofarka, tufafina wankakku da toka yadda ka ce. Ɗakin awaki ya ishe ni, kaji ma zan kora.

Sai dai ka san abu guda. Yatsu uku ba su yanka loma. Na gwada, tuwo zubewa yake a zanena. Shekara arba'in ina ci da dama saboda tsoronka, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Ranar Salla na wanke hagu na sa ta a akushi, na ci na ƙoshi.

Kuma ni ba a ɗaki zan riƙa ci ba, zafi ya yi yawa. A ƙofar gidanka zan shimfiɗa tabarma, inda mutanenka ke wucewa zuwa azahar. Cikinsu ba za a rasa mai wa'azi ba, wanda zai tsaya ya ce, “Baiwar Allah, ƙanwar Alhaji guda, da hagu kike ci?” Ni kuwa ba na ƙarya. Zan ɗaga masa dama ya ƙirga, sannan in ce ya zauna in ba shi labarin.

Zainaba, 'yar Bahago mai taba